Wa Ya Koya wa Yaran Tsibirin Kisa?

A shekarar 1954 kamfanin ɗab'i na Faber and Faber da ke Landan ya fitar da wani littafi mai suna Lord of the Flies, na wani malamin makaranta da ba a san shi ba a lokacin, William Golding. Kamfanoni da dama sun riga sun ƙi rubutun kafin wani matashin edita, Charles Monteith, ya tsamo shi daga tarin waɗanda aka jingine. Yau shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana karanta shi a makarantun duniya, har da namu, domin ya taɓa shiga jerin littattafan adabin Turanci na jarrabawar WAEC. Marubucinsa ya samu kyautar Nobel a 1983. Sunan littafin ma ya zama abin buga misali. Duk inda jama'a suka rikice doka ta kau, sai ka ji wani ɗan boko ya ambace shi, wai ga shi nan, dama an faɗa, ɗan Adam dabba ne da aka sa wa riga, da zarar ɗan sanda ya ba da baya sai ainihin halinsa ya fito.

Ina ƙaunar littafin nan, kuma ya cancanci yabon da ya sha. Amma wannan darasi da ake cirowa daga cikinsa ban yarda da shi ba. Ina ma ganin yana da illa, musamman a ƙasa irin tamu inda ake yawan cewa mutanenmu ba sa jin magana sai da bulala.

Ga wanda bai taɓa karantawa ba, ga yadda labarin yake. Ana cikin wani yaƙi da ya kai ga jefa bam ɗin nukiliya, sai aka kwashi wasu yara maza 'yan makaranta daga Ingila a jirgin sama don a kai su tudun mun tsira. Jirgin ya faɗo a wani tsibiri da ba kowa, kuma babba ko ɗaya bai rayu ba. Ƙananan cikinsu 'yan shekara shida ne, manyan wajen sha biyu. Da fari abin gwanin sha'awa. Wani yaro mai suna Ralph ya tsinci ƙatuwar katantanwar teku, sai Piggy, yaro mai ƙiba da tabarau da ciwon asma, ya gaya masa ana busa ta kamar ƙaho. Ya busa, yara suka yi ta fitowa daga daji. Aka ɗaga hannu aka zaɓi Ralph shugaba, ya kayar da Jack, jagoran wata ƙungiyar mawaƙan coci. Aka kafa doka cewa a wurin taro mai riƙe da katantanwar ne kaɗai ke da bakin magana. Aka kuma yanke shawarar hura wuta a kan tsauni da gilashin tabarau ɗin Piggy, don jirgin da ke wucewa ya hango hayaƙi.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa kaɗan-kaɗan, kuma a nan gwanintar Golding take. Wutar farko ta ƙwace ta ci daji, wani ƙaramin yaro mai tabo a fuska ya ɓace, ba a ƙara ganinsa ba, kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Jack ya kamu da son farautar alade har ya janye masu gadin wuta, ranar kuwa jirgin ruwa ya wuce babu hayaƙi. Ƙananan yara suka fara mafarkin dodo. Wani dare jiragen yaƙi suka gwabza a sama, gawar wani soja ta sauko da lema ta maƙale a kan tsaunin, iska na ɗaga ta tana saukewa, waɗanda suka hango ta cikin duhu suka rantse sun ga dodon da idonsu. Jack ya ɓalle ya kafa tasa ƙungiya. Suka shafe fuska da yumɓu da gawayi, suka soke kan alade a tsinin sanda suka bar wa dodo hadaya, kuma wannan kai da ƙudaje suka lulluɓe shi ya ba littafin sunansa. Simon, yaro mai shiru-shiru, shi kaɗai ya hau tsaunin ya gane gawa ce kawai. Ya sauko da daddare don ya ba da labari, ya faɗa tsakiyar 'yan uwansa suna rawar farauta cikin tsawa da walƙiya, suka ce dodo ne, suka rufar masa har ya mutu. Daga baya wani yaro, Roger, ya gangaro wa Piggy dutse ya kashe shi, katantanwar ta tarwatse. Suka cinna wa tsibirin wuta suna farautar Ralph. Yana gudun tsira da rai ya faɗi a bakin teku, ɗagowar da zai yi sai ga hafsan sojan ruwa tsaye cikin fararen kaya, hayaƙin gobarar ya jawo shi.

Ba haka kawai Golding ya rubuta wannan ba. Ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin waɗanda suka bi sawun Bismarck, babban jirgin yaƙin Jamus, a 1941, kuma shi ke jagorantar wani jirgi mai harba rokoki ranar da sojojin ƙawance suka sauka gaɓar Normandy a 1944. Ya koma aji a makarantar Bishop Wordsworth da ke Salisbury da zuciyar da ta dawo daga rakiyar ɗan Adam. Daga baya ya rubuta cewa duk wanda ya ratsa waɗannan shekaru bai gane mutum na samar da sharri yadda ƙudan zuma ke samar da zuma ba, to ko makaho ne ko kansa ba daidai yake ba. Akwai kuma wani tsohon littafin yara da yake mayar wa martani, The Coral Island na R. M. Ballantyne, wanda ya girmi nasa da kusan shekara ɗari. A can ma yara uku 'yan Birtaniya ne suka maƙale a tsibiri, biyu daga cikinsu ma sunansu Ralph da Jack, amma su sun zauna lafiya cikin ladabi da biyayya. Sharri daga waje yake zuwar musu, daga 'yan fashin teku da mutanen tsibiran da littafin ya zana a matsayin masu cin naman mutane. Golding ya ce a'a, ɗan Bature ma zai aikata. A lokacin da tutar Ingila ke kaɗawa a Kaduna da Ikko da Nairobi, wannan magana ce mai nauyi, kuma ya kamata a jinjina masa.

Inda na rabu da masu fassara littafin shi ne a kan asalin sharrin. Su suna cewa a jinin yaran yake, makaranta da iyaye ne suka danne shi, da aka ɗauke su sai ya taso. To mu duba abin da yaran suka sauka tsibirin da shi. Karon farko da muka ga Jack, yana tafe ne da yaransa cikin sahu biyu, sanye da baƙaƙen alkyabbu a tsakiyar zafin rana, yana daka musu tsawa, bai bari sun zauna ba sai da Simon ya yanke jiki ya faɗi. Ko kwana ɗaya ba su yi a tsibirin ba a lokacin. Wannan kama-karya daga makaranta ya taho da ita, inda aka ba shi muƙami aka nuna masa cewa na ƙasa da shi abin takawa ne. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san irin wannan siniya, tunda tsarin ma daga wurinsu muka gada. Haka rainin da ake yi wa Piggy. Har ya mutu ba wanda ya damu ya san sunansa na yanka. Ana yi masa dariya saboda ƙibarsa da kuma irin Turancinsa na 'ya'yan talakawa, yaro ne da mahaifinsa ya rasu ya tashi a hannun goggonsa mai kantin alewa, Ralph kuwa ɗan kwamandan sojan ruwa ne. Bambancin ɗan wane da ɗan talaka irin na Ingila ya biyo su cikin jirgin.

Sannan wa ya jefa su can tun farko? Manya ne suka tayar da yaƙin da ya sa aka kwashe su. Akwai wani wuri a littafin da ke sosa mini rai duk sanda na zo kansa. Bayan wani taro ya watse cikin hayaniya, Ralph da Piggy da Simon suka zauna cikin duhu suna cewa ina ma manya za su aiko musu da wata alama, ai su manya sun san yadda ake zama a tattauna ba faɗa. A daren nan saƙon ya iso, gawar sojan da aka harbo. Abin da duniyar manya ta iya aiko wa 'ya'yanta ke nan. Hafsan da ya cece su a ƙarshe ya dube su cikin takaici ya ce ya zaci yaran Birtaniya za su fi haka kamun kai, alhali a bayansa ga kwale-kwale da soja riƙe da bindiga, can nesa kuma ga jirgin yaƙin da zai koma ya ci gaba da farautar mutane a teku, irin farautar da ya katse a tsibirin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Golding ya san da haka, da gangan ya gina ƙarshen littafin a kai. Masu karatu ne suka ɗauki rabin saƙon suka bar rabi.

Ya kamata kuma a tambaya, wace wayewa ce ake cewa ta suɓuce wa yaran? A ɗaya daga cikin tarukan farko, Jack da bakinsa ya ce dole a kafa dokoki, domin su ba mutanen daji ba ne, Ingilishi ne, kuma Ingilishi sun fi kowa iya komai. A watan Afrilun shekarar da littafin ya fito, sojojin Birtaniya suka yi wa birnin Nairobi ƙawanya, suka kwashi dubban 'yan ƙabilar Kikuyu zuwa sansanonin tsare mutane saboda tawayen Mau Mau. A 1959 aka lakaɗa wa fursunoni 11 duka har lahira a sansanin Hola. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta nuna nadama, ta biya tsofaffi 5,228 diyya kan azabar da aka gana musu, wadda haɗe da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9. Mu ma nan muna da Satiru, kusa da Sakkwato, garin da aka shafe daga doron ƙasa a 1906. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka mutane ne masu kaki da gogaggun takalma, masu rubuta rahoto su sa hannu su aika Landan. Haka kisan miliyoyin Yahudawa da 'yan Nazi suka yi, da jiragen ƙasa aka yi shi, da rajista, da ma'aikatan ofis masu zuwa aiki a kan lokaci. Mafi munin ta'asar ƙarnin da ya wuce ta faru ne a inda hukuma ke da ƙarfi kuma kowa ke bin umarni. Wanda ya rufe littafin nan yana ganin maganin sharri shi ne a ƙara wa mai sanda ƙarfi, ya manta da wannan tarihi.

A nan ma littafin yana da nasa tabon. Da Golding ya tashi nuna faɗuwar yaran, sai ya ba su siffar da Turawan zamaninsa ke kallon mutanen da suka mulka da ita, wato tsiraici da mashi da fenti da rawa da kirari. Har Piggy, mai hankalin cikinsu, a jawabinsa na ƙarshe a bugun asali, ya zage su da kalmar wulaƙancin nan da Turawa ke jifan baƙar fata da ita. Wato ko a wurin marubucin da ya tashi karya girman kan Bature, ƙarshen lalacewa shi ne Bature ya koma kama da mu. Ɗalibin Afirka da ke karanta wannan ya cancanci malaminsa ya tsaya a wurin su tattauna, ba a tsallake ba.

Abin da Golding ya ƙaga kuwa ya taɓa faruwa a zahiri, sai dai ya ɓulle ta wata hanya daban. A watan Yunin 1965 wasu samari shida 'yan makarantar kwana a Nuku'alofa, babban birnin ƙasar Tonga da ke tekun Fasifik, suka gaji da makaranta, suka saci kwale-kwalen wani masunci suka fita teku. Guguwa ta lalata kwale-kwalen. Kwana takwas ruwa na yawo da su ba abinci, suna tarar ruwan sama a ɓawon kwakwa suna rabawa daidai wa daida, har suka isa 'Ata, wani tsibiri mai duwatsu da ba kowa tun 1863, lokacin da masu fataucin bayi suka sace wani ɓangare na mutanensa aka kwashe sauran. Wata goma sha biyar suka yi a can. Suka raba aiki bibbiyu, masu lambu, masu girki, masu gadi. Da suka samu suka hura wuta, sama da shekara ba su bari ta mutu ba. Safe da yamma suna addu'a da waƙa tare. In biyu suka yi faɗa, sai a raba su kowa ya tafi wani gefe na tsibirin ya huce, sannan su dawo su yafi juna. Ɗayansu ya faɗo daga dutse ya karye a ƙafa, suka yi masa ɗori da itace da ganye, suka ɗauke masa aikinsa har ya warke. A watan Satumban 1966 wani ɗan Ostareliya mai jirgin kamun kifi, Peter Warner, ya hango su ya kwaso su. A gida an riga an yi musu zaman makoki. Abu na farko da hukuma ta yi musu da suka dawo shi ne ta kulle su saboda kwale-kwalen da suka sata, sai da Warner ya biya mai shi aka sake su.

Duniya ta kusa manta wannan labari har sai da masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Rutger Bregman, ya tono shi ya bazu a 2020. Na ƙagen kowa ya san shi, na gaskiyar kuwa ya yi shekara hamsin a kwance. Yaran Tonga ba mala'iku ba ne, ai ɓarayin kwale-kwale ne. Sun dai taso a al'ummar da ta koya musu teku da ƙasa, da raba abinci, da haƙƙin ƙarami a kan babba, da ibada tare. Abin da aka zuba musu shi suka zubo, kamar dai yadda Jack ya zubo abin da aka zuba masa. Haka a Kolombiya a 2023, da ƙaramin jirgi ya faɗi a dajin Amazon ranar 1 ga Mayu, manya ukun da ke ciki suka rasu har da uwar yaran. Yara huɗu 'yan gida ɗaya, babbar 'yar shekara 13, ƙaramar ko shekara ba ta cika ba, suka yi kwana 40 a dajin kafin a same su da rai. 'Yan ƙabilar Huitoto ne, an koya wa babbar tun tana ƙarama abin da ake ci a daji da wanda ba a ci, ita ta riƙe ƙannenta.

Har masana halayyar ɗan Adam sun gwada. A 1954 ɗin dai, Muzafer Sherif ya kai yara maza 22 sansanin Robbers Cave a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya sa su gasa mai zafi har suka tsani juna, kuma an daɗe ana kafa hujja da wannan. Abin da ba a cika faɗa ba sai da Gina Perry ta bi takardunsa ta fitar da littafi a 2018, shi ne ya taɓa gwada irin wannan a 1953 a Middle Grove abin ya ƙi. Masu binciken suka yi ta haɗa yaran faɗa ta hanyar ɓarna a ɓoye don kowane ɓangare ya zargi ɗaya, yaran suka gano, suka juya zarginsu kan manyan. Dole aka rufe sansanin.

Za a ce abokai shida ba ɗaya suke da tarin yaran da ba su san juna ba, kuma littafin almara ne mai ɗauke da misali, ba rahoton bincike ba. Na yarda. Ba na kuma cewa duk inda mutane suka maƙale lafiya ake rabuwa. A 1629 jirgin Batavia na kamfanin kasuwancin Holan ya farfashe kusa da gaɓar yammacin Ostareliya, wani jami'in kamfanin, Jeronimus Cornelisz, ya ƙwace iko a kan waɗanda suka tsira, ya sa aka kashe sama da mutum ɗari, har mata da yara. Amma a duba yadda ya yi. Sai da ya fara tattare makamai a hannunsa, ya tura sojojin da yake shakka wani tsibiri da zaton ƙishirwa za ta kashe su. Su kuwa can, ƙarƙashin wani soja Wiebbe Hayes, suka samu ruwa, suka karɓi masu gudowa, suka kare kansu har ceto ya zo. Jirgi ɗaya ya zubar da su, yunwa ɗaya suke ji. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya hau gaba, da kuma ko sauran sun ƙyale shi.

Wannan shi ne abin da littafin Golding ya gani da kyau fiye da kowane littafi da na sani, kuma saboda shi nake cewa a ci gaba da karanta shi. Ya nuna dalla-dalla yadda ake ƙwace jama'a. Jack ya kira taro ya nemi a tsige Ralph, ya ce mai goyon baya ya ɗaga hannu. Hannu ko ɗaya bai tashi ba, ya bar wurin yana hawaye. A bainar jama'a an ƙi shi. Amma kafin rana ta faɗi manyan yaran sun sulale ɗaya bayan ɗaya sun bi shi. Yana da nama, yana da alkawarin kariya daga dodo, Ralph kuwa ba shi da abin bayarwa sai aikin wuta mai gajiyarwa da begen ceton da ba a san ranarsa ba. Bayan an kashe Simon, Jack ya gaya wa yaransa cewa dodon ne ya zo a ɓad-da-kama, kuma bai mutu ba, zai iya dawowa. Ba zai taɓa bari dodon ya mutu ba, domin ranar da tsoro ya ƙare mulkinsa ya ƙare. Da suka kai hari bukkar su Ralph cikin dare, Piggy ya zaci katantanwar suka zo ɗauka. Ko kallonta ba su yi ba, tabarau suka ɗauke. Jack ya riga ya gane cewa alamar doka ba ta da wani ƙarfi in mutane sun daina girmama ta, wanda ke da wuta shi ke da gari.

Mafi ɗacin wurin kuwa shi ne safiyar da ta biyo bayan mutuwar Simon. Ralph da Piggy, masu hankalin, suna cikin da'irar rawar a daren. Da gari ya waye Ralph ya ce kisan kai muka yi. Piggy ya ce a'a, duhu ne, tsautsayi ne, shi ma me ya kai shi rarrafowa cikin dare, kuma ai mu a gefe muke, mun ma tafi da wuri. Tagwayen da ke tare da su suka maimaita haka. Duk wanda ya san yadda ihun "ɓarawo" ke ƙarewa a kasuwanninmu ya san wannan safiya. An ga irinta a Aluu a 2012 da aka kashe ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal, an gani a Sakkwato a 2022 da aka kashe ɗaliba a kwalejin ilimi, an gani a Uromi a watan Maris na 2025 da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a hanyarsu ta komawa gida. A irin wannan taro masu duka kaɗan ne. Mafi yawa tsayawa suke, wasu na ɗauka da waya, gobe kowa ya ce shi a gefe yake. In akwai wurin da zaman tare yake da rauni, to a nan ne, a wurin mutanen kirki da suka ga abu suka yi shiru don kada a ce ba sa tare da jama'a.

Masu cewa sai da bulala suna son wani fage a littafin, inda Roger ke jifan wani ƙaramin yaro da duwatsu amma yana kaucewa da gangan, domin har lokacin tsoron iyaye da makaranta da ɗan sanda na riƙe da hannunsa. Da tsoron ya gushe sai ya kashe Piggy. Gaskiya ne akwai irin su Roger a kowace al'umma, kuma saboda su ake buƙatar hukuma da kotu. Amma a tsibirin nan dai akwai Simon, wanda ke tsinko wa ƙanana 'ya'yan itacen da hannunsu bai kai ba, ya miƙa wa Piggy namansa lokacin da Jack ya hana shi, ba ɗan sanda ba malami. Me ya sa za a ce Roger ne ainihin ɗan Adam, Simon kuwa kuskure? Shi kansa Roger ba kowa ba ne sai da ƙungiyar Jack ta ba shi matsayi ta ɗora shi a bakin dutsen. Abin da muka tashi da shi a addini ya fi wannan daidaito. Alƙur'ani ya ce an kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, dukansu biyu, kuma hadisi ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke juya shi. Bulala kuwa mun gwada ta. A 1984 sojoji sun sa mutane bin layi a tashar mota da dorina, da dorinar ta tafi layin ya bi ta.

Abin da ya fi damuna da gurguwar fahimtar littafin shi ne tana sauke wa manya laifi ta ɗora wa yara. A duk inda yara suka yi kisa da yawa a zamaninmu, in ka bi sawu babba za ka tarar. Charles Taylor ne ya kafa rundunar ƙananan yara a Laberiya. Dominic Ongwen, wanda kotun duniya ta ICC ta yanke wa shekara 25 a 2021, yana yaro a hanyar makaranta mayaƙan Joseph Kony suka sace shi a Yuganda. 'Yan matan da aka ɗaura wa bam a Maiduguri ba su suka haɗa shi ba. A watan Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano yara suka fasa wurare suka kwashi kaya, na ji mutane da yawa suna kiran su dabbobi. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo wasu daga cikin yaran da aka kama a Arewa gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan kusan wata uku a tsare, a rame, har wasu suka zube a gaban alƙali. Sai da jama'a suka yi ca kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ban ce wanda ya fasa shago bai yi laifi ba. Amma kafin a kai ga yaron, akwai uban da ya sauke shi a tasha yana ɗan shekara bakwai da roba a hannu bai waiwaye shi ba, akwai mai mulkin da ya bar makarantar unguwarsu ba rufi ba malami, akwai ɗan siyasar da ke raba masa ƙwaya da 'yan canji duk lokacin zaɓe ya ba shi gora. Waɗannan ya kamata a fara kira su amsa tambaya.